Wake a noman rani: idan ruwa bai wadata ba, a wane mataki za a rage ban ruwa?

Manomi daga Bunkure:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamai da manyan manoma da ke wannan zaure, tare da neman shawara a kan wani lamari da ya tsaya mini a rai. Ina da niyyar shuka wake a farkon watan Fabrairu a kan fili mai kusan rabin hekta. Gonar ba ta kan layin magudanar ruwan da ke fitowa daga madatsar Tiga, don haka da rijiyar fadama da injin fetur nake ban ruwa. Daga watan Maris ruwan rijiyar yakan ja baya sosai, har injin ya riƙa zuƙo iska bayan ya ɗan yi aiki, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mai ya zama shi ne kaso mafi girma a lissafin noman ranina. A taƙaice, ba zan iya bai wa waken ruwa yadda ya kamata daga shuka har roro ba, dole ne in rage a wani wuri.

Na tambayi dattawan unguwarmu, sai na sami magana biyu. Wasu sun ce wake ɗan fari ne, idan ya kama ƙasa ko an bar shi ba ya mutuwa, don haka kada in damu. Wasu kuma sun ce duk ranar da ganye ya yi yaushi to an riga an yi asara. Abin da nake son sani shi ne, a cikin rayuwar waken, daga tsiro zuwa yaɗo, zuwa fure, zuwa cikar kwanso, a wane mataki ne ƙishirwa ta fi yi masa illa, kuma a wane ne zai jure ba tare da amfanin ya ragu ƙwarai ba? Irin da nake da shi ɗan wuri ne, mai nuna a cikin kwana 70 ko makamancin haka. Ƙasar gonar tana da ɗan yashi amma ba jigawa zalla ba ce. Kuma ina buƙatar harawa saboda tumakina, ba ƙwayar kaɗai ba. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Malama mai koyar da ilimin tsirrai, Zariya:

Wa alaikumus salam, Malam. Dattawanku duka biyun suna da gaskiya, sai dai kowane ɓangare yana magana ne a kan mataki daban na rayuwar shukar. Wake yana jure ƙishirwa sosai lokacin da yake yaɗo, amma ba ya jure ta daga sa'ad da ya fara huda har kwanso ya cika, kuma a kan wannan bambancin ya kamata ka gina tsarin ban ruwanka gaba ɗaya.

Kada ka taɓa ruwan makonni biyun farko. Ka jiƙa ƙasa sosai kafin shuka, yadda damshin zai sauka ƙasa da nisa, sannan ka tabbatar ba ta bushe ba har tsiron ya fitar da ganyen gaskiya. Dalili kuwa, tsiron da ya mutu ba ya dawowa, kuma gonar da ta tashi da giɓi ba ta cikewa ko da an malala mata ruwa daga baya. Abin farin ciki shi ne wannan matakin ba ya cin ruwa da yawa, domin ganyen bai rufe ƙasa ba. A ma'aunin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya take amfani da shi, buƙatar wake a farkon rayuwarsa ba ta kai rabin buƙatarsa a lokacin fure ba.

Wurin da za ka yi tattali shi ne daga mako na 3 zuwa wajen ƙarshen mako na 4 ko shigar na 5, wato lokacin da shukar take ƙara ganye da rassa amma ba ta fara huda ba. A wannan tsakanin wake yana da dabarun kare kansa da ba kowace shuka ke da su ba. Idan ƙasa ta fara bushewa yakan rufe ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyensa, waɗanda ruwa ke fita ta cikinsu, kuma duk wanda ya shiga gonar wake da tsakar rana ya ga yadda ganyen kan miƙe ya juya gefensa ga rana maimakon ya shimfiɗa fuskarsa. A lokaci guda saiwar tana nitsawa neman damshi, kuma a ƙasa mai laushi takan wuce mita 1. Gwaje-gwajen da Anthony Hall da abokan aikinsa suka yi a jami'ar Kalifoniya da ke Riverside a Amurka, a farkon shekarun 1980, sun nuna cewa ana iya janye ban ruwa a wannan mataki ba tare da ƙwayar ta ragu sosai ba, muddin an dawo da ruwan kafin fure. A nan gida ma, masu bincike na cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, reshen Kano, sun shuka nau'o'in wake daban-daban a cikin akwatunan katako, suka daina ba su ruwa don su ga wanda zai fi daɗewa. Sun gano cewa wasu nau'o'in sukan tsayar da girma cak har ruwa ya dawo, wasu kuma, irin su Ɗan Ila da Kanannado, sukan sadaukar da tsofaffin ganyen ƙasa su ci gaba da rayar da kan tsiron a hankali. Wannan shi ne tushen maganar dattawan da suka ce maka wake ɗan fari ne. Akwai ma wata fa'ida: waken da aka cika wa ruwa a ƙuruciyarsa yakan yi ganye da yaɗo fiye da kima, ya jinkirta fure, saiwarsa kuma ta tsaya a sama-sama.

Da zarar huda ta fara fitowa lissafi ya canja. Ina jaddada kalmar huda domin yawancin manoma sukan jira sai sun ga fure ya buɗe kafin su ƙara ruwa, alhali an fara ƙera furen ne fiye da mako guda kafin ya buɗe. A irinka mai kwana 70, fure yakan bayyana tsakanin kwana 35 zuwa 45 bayan shuka, saboda haka ka dawo da cikakken ban ruwa tun wajen kwana 30, ko da zarar ka ga ƙananan sandunan fure sun fara leƙowa daga hammatar ganye. A wannan matakin ne ake yanke yawan kwanson da kowace shuka za ta ɗauka, kuma yawan kwanso shi ne babban abin da ke cika buhu. Shukar da ta ji ƙishirwa a nan takan zubar da huda da fure da ƙananan kwanso, ta riƙe kaɗan ɗin da za ta iya shayarwa. Za ka ga ganye kore shar, amma idan ka sunkuya ka duba ƙarƙashinsa sai ka tarar da furanni a zube a cikin kwarin kunya da sandunan fure tsirara. Haka nan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa, waɗanda suke samar wa shukar sinadarin naitirojin daga iska, sukan rage aiki idan ƙasa ta bushe. Idan ka tumɓuke shuka guda ka fasa ƙullin da farce, mai aiki za ka ga cikinsa ja-ja ne, wanda ya daina kuwa yakan koma kore-kore ko toka-toka.

Bayan kwanso ya kama, ƙwayar takan ɗauki kusan mako uku kafin ta ƙosa. Ƙishirwa a nan ba ta rage yawan kwanso sosai, girman ƙwayar take ci. Za a sami wake ƙanana masu tamoji, marasa nauyi, kuma ka san yadda masu saye a kasuwar Dawanau suke bambanta farashin wake mai manyan ƙwaya da mai ƙanana. Idan yawancin kwanson sun fara sauya launi daga kore zuwa ruwan ƙasa ko fari, to ka tsayar da ruwa gaba ɗaya, domin wanda aka bayar bayan haka ba ya ƙara komai sai jinkirta bushewa da jawo ruɓewa. Nan ne wuri na biyu da za ka huta da sayen mai.

Tsohon manomi daga Kura:

Na karanta bayanin Malama kuma ya yi daidai da abin da muka gani a gona tun lokacin da aka fara yaɗa noman waken rani a yankinmu a shekarun 1990. Amma ɗana, akwai abubuwan da nake so ka sa a lissafi kafin ka janye ruwa, domin ka ambaci tumaki.

Ruwan da ka hana waken lokacin yaɗo, daga harawa za a cire shi. Ƙwaya na iya fitowa kusan yadda take, amma shukar ba za ta yi jiki ba, kuma damin harawar da za ka ɗaure zai ragu. A watan Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da ciyawa ta ƙare a daji kuma masu kiwo ke neman abin da za su ba dabba, harawa kan yi tsadar da wani lokaci takan biya kuɗin mai ita kaɗai. Saboda haka ni ba na goyon bayan a yanke ruwan gaba ɗaya a wannan tsakanin. A tazarta shi dai, idan ana bayarwa duk mako a mayar da shi duk kwana 10 ko 12, amma ranar da za a bayar a bayar har ya nitsa. Yayyafin da bai wuce saman ƙasa ba ɓarnar mai ne kawai.

Sai maganar ƙasa. Wanda yake noma a laka zai iya daɗewa bai kunna inji ba, domin laka tana riƙe damshi. Kai da ka ce taka tana da yashi, kada ka ɗauki adadin kwanaki daga bakin kowa, har da ni. Ka riƙa shiga gonar da sassafe. Yaushin tsakar rana ba abin tsoro ba ne, wake kan yi shi ko ƙasa na da damshi. Amma idan ka zo bayan sallar asuba ka tarar ganyen bai farfaɗo ba, to ka wuce iyaka, ka ba shi ruwa a ranar. Kuma ka haƙa ƙasa kamar tsawon tafin hannu da ɗan ƙari, ka damƙa ta. Idan ta dunƙule akwai sauran damshi, idan ta warwatse tsakanin yatsu babu.

Na uku, darɓa. A noman rani ita ce ƙwaron da ya fi damun wake yana ƙarami, kuma shukar da ke fama da ƙishirwa ba ta da ƙarfin da za ta murmure idan darɓa ta rufe kan tsironta baƙi ƙirin. Idan za ka takura wa waken ta fuskar ruwa, to kada ka bari ƙwaro ya haɗu masa da ita. Sannan ka shuka a kan kunya, ruwan ya bi kwari, kada ka cika fangali ya kwana a gindin shukar. Wake ya fi jure fari a kan kwanciyar ruwa, kwana kaɗan a cikin taɓo sai ka ga ganye ya yi rawaya. Mu idan ruwa ya yi ƙaranci mukan ba kwari ɗaya mu tsallake ɗaya, a zagaye na gaba kuma mu ba wanda aka tsallake, yadda kowace kunya za ta sami ruwa ta gefe guda.

Malamin gona daga Maraɗi:

Ina gaida Malama da Baba na Kura. Mu a nan yawancin wakenmu na damina ne, ba mu da ikon buɗe ruwa ko rufewa, amma abin da aka faɗa a sama shi ne muke gani kowace shekara a gonakin gero da wake. Idan ruwa ya ɗauke na mako biyu ko uku a watan Yuli, waken yakan tsaya kamar ya mutu, marka na sauka sai ya tashi ya yi yaɗo kamar ba a yi komai ba. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri a watan Satumba kuwa, lokacin da waken gargajiya mai dogon zango yake fure, sai a tashi da harawa ba ƙwaya. Wannan ne ya sa nau'o'i masu saurin nuna, irin su TN5-78 na cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, INRAN, suka sami karɓuwa: ba wai sun fi jure ƙishirwa a lokacin fure ba ne, a'a, suna gama furen da cikar kwanso ne tun ƙasa na da damshi. Manoma da yawa sukan shuka iri biyu, ɗan wuri domin ƙwaya da mai yaɗo domin dabbobi, don kada shekara ta tafi da su duka.

Abin da zan ƙara wa mai tambaya shi ne, ba kowane wake ne yake ƙarewa da zubar furen farko ba. Nau'o'in da ke ci gaba da yaɗo suna fure, musamman waɗanda ganyensu ba ya saurin tsufa, sukan sake wani furen idan ruwa ya dawo, a sami roro na biyu. Waɗanda ke tsaye, masu yin fure lokaci guda su nuna lokaci guda, ba su da wannan damar sosai, don haka ƙishirwar mako guda a tsakiyar fure ta fi yi musu illa. Ya kamata ka san wanne ne irinka a cikin biyun. Kuma idan gonar tana da wuta-wuta, ka tuna tana shan ruwa da abinci ne daga saiwar waken kai tsaye, saboda haka ka nemi iri mai jure ta, kamar SAMPEA 14 ko SAMPEA 15 da ake samu a wajenku.

Manomi daga Bunkure:

Na gode ƙwarai, Malama, da Baba, da ɗan'uwana na Maraɗi. Allah ya ƙara ilimi. Irina na tsaye ne, mai nuna lokaci guda. Yanzu da na lissafa sai na ga wata matsala: idan na shuka a farkon Fabrairu, fure da cikar kwanso za su faɗo ne daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu, daidai lokacin da rijiyata take ja baya. Wato ruwa zai yawaita lokacin da waken ba ya buƙatarsa sosai, ya yi ƙaranci lokacin da ya fi buƙata. Shin in matso da shukar baya zuwa watan Janairu ko Disamba ne, ko kuwa in raba ɗan ruwan da ke akwai ga gonar duka kowace shuka ta sami kaɗan?

Malama mai koyar da ilimin tsirrai, Zariya:

Malam, ka kama ainihin matsalar, kuma ita ce ta fi duk abin da muka tattauna muhimmanci. Matsowa baya tana da iyaka. Wake shukar zafi ce, kuma sanyin hunturu na Disamba da farkon Janairu yakan jinkirta tsirowarsa ya kuma tsumburar da shi, shi ya sa aka fi ba da shawarar shukar rani a yankin Kano daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu. Za ka iya cin ribar mako guda ko kwana 10 idan ka shuka a ƙarshen Janairu, kuma hakan yana da wata fa'ida ta biyu: zafin dare yana lalata garin fure na wake ya sa furen ya zube ko ƙasa na jiƙe, don haka duk furen da ya buɗe kafin tsananin bazara ya fi samun damar kamawa.

Game da raba ruwa kuwa, ga lissafin da zai taimake ka. Milimita 1 na ruwa a kan hekta guda daidai yake da lita 10,000, wato lita 5,000 a rabin hektarka. A zafin Maris da Afrilu, waken da ya rufe ƙasa yana fure zai iya shan milimita 6 zuwa 7 a yini, wanda ya kama lita 30,000 zuwa 35,000 kowace rana a gonarka, ban da abin da ke salwanta a cikin kwari kafin ya isa gindin shuka. Ka auna abin da injinka ke fitarwa ta hanyar cika duro mai lita 200 kana duba agogo, ka ninka da sa'o'in da rijiyar kan iya bayarwa a watan Maris kafin ta yanke. Idan abin da ka samu ya yi ƙasa da wancan adadi da nisa, ra'ayina shi ne ka rage faɗin gonar tun daga shuka. Ragi kaɗan a lokacin fure ana iya jure shi, musamman da dabarar tsallake kwari da Baba ya ambata, amma idan kowace shuka rabin buƙatarta kawai take samu, za ka kashe kuɗin iri da noma da feshi a kan rabin hekta ka kwashi abin da kwata mai cikakken ruwa za ta iya ba ka. Sauran filin kuma ba lallai ne ya zauna fayau ba. Kana iya shuka masa wake mai yaɗo domin harawa zalla, ka shayar da shi a watan Fabrairu lokacin da rijiya ke cike, ka yanke shi ɗanye idan ruwa ya ja baya, tunda shi ba fure kake jira daga gare shi ba.

Abu na ƙarshe, idan ka ga fure na zuba kada ka yanke hukunci nan take cewa ƙishirwa ce. Ka tsinki furanni kaɗan da safe ka buɗe su a kan farar takarda. Idan ka ga ƙananan ƙwari baƙaƙe siri-siri suna gudu, ko tsutsa a ciki, to feshi gonar take buƙata ba ƙarin ruwa ba. Irin wake SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta Samaru, IAR, ta fitar a 2019 yana kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanso, amma ba ya maganin waɗannan ƙananan ƙwarin fure, kuma buƙatarsa ta ruwa a lokacin fure daidai take da ta kowane wake.